Injin da Ya Fi Giyarsa Ƙarko: Tarihin A-kori-kurar Dizal a Amurka

A shekarar 1989 kamfanin Dodge na Amurka ya fitar da wata a-kori-kura da ta farfaɗo da sunansa a kasuwar motocin aiki. Jikinta tsohon yayi ne, domin asalin siffarta tun na 1972 ne. Abin da ya ja hankalin manoma da makiyaya da masu jan tirela shi ne injinta: dizal mai silinda shida, mai girman lita 5.9, ƙirar kamfanin Cummins. Har yau dubban irin waɗannan motoci na kan hanya da injinsu na asali, amma da yawa daga cikinsu an sha sauke musu giyabos, ko dai aka sake gina shi, ko aka musanya shi da wani. Tarihin yadda hakan ta faru ya nuna abin da ke biyo baya idan aka haɗa kayan aiki biyu da ba a ƙera su don juna ba.

An kafa Cummins a 1919 a garin Kolombas na jihar Indiyana, kuma sana'arsa ita ce injinan manyan motoci da na masana'antu. Injin da ya sayar wa Dodge ya samo asali ne daga haɗin gwiwa da kamfanin Case mai ƙera taraktoci, a farkon shekarun 1980. An tsara shi ne don ya wuni yana aiki a gona ko wurin gini da kaya a wuyansa. A lokacin Ford da General Motors suna sanya dizal a motocinsu na wannan aji, sai dai nasu injinan ba su da tabo mai cusa iska, alhali na Cummins yana da shi. Ƙarfin dokinsa 160 ne kacal, amma ƙarfin murɗarsa, wato ƙarfin da yake juya shaf da shi, ya kai kimanin niyuton-mita 540, kuma yana bayar da shi tun yana juyawa a hankali.

Giyar atomatik da Dodge ke da ita a hannu a lokacin ita ce TorqueFlite 727, mai matakai uku, wadda ta fito tun 1962 domin injinan fetur. Ta yi suna wajen juriya a zamaninta, amma an yi ta ne don inji mai wata ɗabi'a daban.

Don a gane matsalar, sai an san yadda giyar atomatik ke aiki. A inda motar manuwal ke da kuloci, atomatik tana da wata rufaffiyar tukunya cike da mai, wadda makanikai ke kira kwanbata. A cikinta akwai fanka biyu da ke fuskantar juna: inji na juya ɗaya, ita kuma tana watsa mai da ƙarfi ya juya ɗayar. Kullum akwai ɗan santsi tsakaninsu, kuma wannan santsi zafi yake zama. Can cikin giyabos ɗin kuwa akwai jerin fayafayan kuloci da matsin mai ke matsewa don a shiga kowace giya. Famfon da ke samar da wannan matsi inji ne ke juya shi. Injin fetur yana kai ƙololuwar ƙarfinsa ne sa'ad da yake gudu sosai, lokacin da famfon ma ke aiki sosai. Dizal kuwa yana sauke nasa ƙarfin tun juyinsa bai yi nisa ba, kuma da bugu-bugu masu nauyi. Idan matsin bai isa ba, fayafayan sai su zame, su yi zafi, man ya ƙone, ƙurar fayafayan ta bi mai ta shiga ko'ina.

Maimakon ƙera sabuwar giya daga tushe, kamfanin Chrysler, uwar Dodge, ya bi hanyar ƙari a kan tsohuwa. A 1991 aka liƙa giya ta huɗu a wutsiyar giyabos ɗin don tafiyar babbar hanya. A 1994 aka fito da 47RH, wadda ke da kuloci a cikin kwanbata mai kulle fankar nan biyu idan mota ta miƙe hanya, don rage santsi da zafi. A 1996 aka sami 47RE mai ɗan sarrafawar lantarki, sannan 48RE a 2003. Dukkansu jikokin 727 ne. Alƙaluman kamfanin da kansa sun nuna inda raunin yake: a 1996 injin da aka haɗa da giyar manuwal yana bayar da ƙarfin doki 215, amma wanda aka haɗa da atomatik an rage shi zuwa 180.

Masu motocin su ma sun ƙara wa matsalar nauyi. Daga 1994 zuwa tsakiyar 1998 injin yana amfani da famfon mai na Bosch, samfurin P7100, wanda babu kwamfuta a cikinsa. Da sauya ɗan ƙaramin ƙarfe guda a famfon, mutum na iya ƙara wa injin ƙarfi mai yawa, kuma injin na jurewa. Giyar ce ke biyan kuɗin. Kulocin kwanbata, mai faifai ɗaya tak, shi ne yakan fara zamewa. Daga nan wata sana'a ta bunƙasa a garejoji da ƙananan masana'antu: kwanbata mai fayafai uku, akwatin bawuloli da aka gyara don ƙara matsin mai, shaf da aka sassaƙa daga dunƙulallen ƙarfe mai tauri, da ƙarin lagireto na sanyaya man giya.

A 2001 General Motors ya sauya ma'aunin gasar. Ya fito da injin Duramax mai lita 6.6, wanda ya ƙera tare da Isuzu na Japan, ya haɗa shi da giyar Allison 1000 mai matakai biyar, waɗanda suka zama shida a 2006. Allison kamfani ne da James Allison ya kafa a Indiyanafolis a 1915, General Motors ya saye shi a 1929. Ya ƙera injinan jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya koma giyar atomatik ta bas-bas, manyan motoci da tankokin yaƙi. Ke nan yayin da Dodge ke ƙarfafa giyar ƙaramar mota don ta ɗauki nauyin dizal, General Motors ya ɗauko giya daga gidan da ya saba da manyan kaya tun farko.

Wannan ya bar mai tsohuwar Dodge da zaɓi biyu idan giyarsa ta mutu. Na farko shi ne ya sake gina ta da kayan da suka fi na asali ƙarfi. Komai zai koma mazauninsa, kuma giyar da aka gina da kyau tana ɗaukar ƙarfin da ya ninka na kamfani, sai dai matakanta huɗu ne har yanzu, da tazara mai faɗi a tsakaninsu wadda mai jan kaya a hawan tudu ke ji a jikinsa. Na biyu shi ne ya dasa Allison a bayan Cummins. Wannan aiki ne babba: ana buƙatar farantin da zai haɗa bakin inji da bakin giyabos, a gyara ƙarfen da giyar ke zama a kai, a sauya tsawon farfela, a daidaita ta da akwatin raba ƙarfi idan motar mai jan ƙafa huɗu ce. Abin da ya fi wuya shi ne lantarki. Allison ba ta motsi sai da kwamfutarta, kuma kwamfutar na son sanin gudun inji da yadda direba ya taka totur, bayanan da tsohon inji marar kwamfuta ba ya bayarwa sai an ƙara masa na'urorin aunawa. Idan saitin bai yi daidai ba, giya mai tsada za ta lalace kamar mai araha.

Me ya sa mutum zai kashe irin wannan kuɗi a kan motar da ta haura shekara ashirin? Wani ɓangare na amsar yana cikin doka. Daga 2007 ƙa'idojin hayaƙi na Amurka suka tilasta sanya matatar toka a salansar motocin dizal, daga baya aka ƙara da wani ruwan sinadari na tsabtace hayaƙi. Iska ta amfana, amma motocin sun ƙara tsada da sarƙaƙiya. Tsofaffin da makanike na gari zai iya gyarawa da sifana sai suka ƙara daraja, har sauya musu giyabos ya zama lissafi mai ma'ana idan aka kwatanta da farashin sabuwa.

Kamfanin da kansa ya bi sahun abokan cinikinsa a ƙarshe. A 2007 ya yi ritaya da zuriyar 727 daga motocinsa na dizal, ya kawo 68RFE mai matakai shida. A 2013 kuma, bayan da motocin suka koma amsa sunan Ram, ya sanya wa a-kori-kurarsa mafi ƙarfi giyar kamfanin Aisin na Japan. Shekara ashirin da huɗu ke nan bayan ya sayo inji daga waje, kafin ya yarda ya sayo mata giyar atomatik daga waje ita ma. Shi ya sa gogaggen mai saye a can, idan ya tsaya gaban tsohuwar a-kori-kurar dizal, ba ya daɗewa yana sauraron ƙarar inji. Yakan zaro sandar auna man giya, ya duba ko jan man ya koma baƙi, ya sansana ko akwai ƙauri, sannan ya tambayi wanda ya gina giyar da kuma yawan kayan da ta ja tun daga lokacin.