Ciwon Barci: Daga Kurmin Anchau Zuwa Ɗakin Bincike

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen likitanci. Amsata ita ce, akwai wani gari a ƙasar Zazzau da ake kira Takalafiya, kuma duk wanda ya bi diddigin wannan suna zai tsinci kansa cikin tarihin wata cuta wadda ta taɓa addabar ƙasar Hausa, watau ciwon barci. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce in ba da tarihin yaƙin da aka yi da cutar, sa'an nan in kawo abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano game da ita a 'yan shekarun nan, domin mu ga ko an gama yaƙin ko kuwa da sauran rina a kaba.

Ƙudan tsando shi ke ɗauke da ƙwayar wannan cuta, wadda masana ke kira tirifanosoma. Danginta ne ke sa wa shanu sammore, saboda haka Fulani sun san sharrin tsando tun kafin likita ya san shi. In ƙudan ya ciji mutum, ƙwayar takan zauna cikin jini wata da watanni, wani lokaci har shekaru, tana kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya. Daga nan sai ta ƙetara cikin ƙwaƙwalwa. A wannan mataki ne halin mutum kan sauya, mai haƙuri ya koma mafaɗaci, mai magana ya yi shiru, har a zaci taɓin hankali ne ko iskoki. In ba a yi magani ba, galibi ƙarshenta mutuwa.

Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Shehun malamin tarihin nan Ibn Haldun ya kawo labarin Sarkin Mali Mari Jata na biyu, wanda barci ya riƙa rinjayarsa har ya rasu wajen shekarar 1373. A cikin 1803 wani likita Bature mai suna Winterbottom ya rubuta cewa masu sayen bayi a gaɓar Saliyo sukan shafa wuyan bawa, in suka ji kaluluwa sai su ƙi saye. Amma ba a ga ƙwayar cutar a jinin mutum ba sai a 1901, a Gambiya, kuma a 1903 ne Castellani ya same ta cikin ruwan lakar marasa lafiya a Yuganda, David Bruce kuma ya ɗora alhakin yaɗa ta a kan tsando. A lokacin annobar tana cin mutane a gaɓar Tabkin Biktoriya, inda aka ƙiyasta ta kashe kimanin mutum dubu 250.

To, mu dawo gida. Abin mamaki shi ne, zaman lafiya yana cikin abubuwan da suka hura wutar cutar a Nijeriya ta Arewa. Da Turawa suka ci ƙasa, hare-hare suka ɗauke, sai mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa suka watsu cikin daji suna kafa ƙananan ƙauyuka a bakin rafuka. Ga hanyar jirgin ƙasa, ga haƙar kuza a Jos, ga 'yan ƙodago suna kai da kawowa. Shi kuwa tsandon rafi, in rani ya yi sai ya tattaru a inuwar kurmi inda ruwa ya rage, daidai wurin da mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ma'aikatar ciwon barci, ma'aikatanta suna bin gari gari suna shafa wuya suna duba jini da madubin likita. Tsakanin 1931 da 1940 sun duba mutum fiye da miliyan 3, suka yi wa kusan dubu 400 magani.

Ƙasar Anchau tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani, har a wasu ƙauyukanta aka sami kusan mutum ɗaya cikin uku da cutar. Saboda haka a 1937 aka fara wani gagarumin aiki, wanda masanin ƙwari Dokta T. A. M. Nash ya yi fice a cikinsa. Aka ware wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin mil 10, aka sassabe kurmin bakin rafukansa domin rana da iska su kori tsando. Aka tayar da kimanin mutum dubu 5 daga ƙauyukan da suka yi nisa aka tara su wuri guda, dalili kuwa shi ne sassabe aiki ne na kowace shekara, ba ya yiwuwa sai da yawan hannu. Aka gina rijiyoyin siminti, aka fitar da tituna masu faɗi, aka kafa sabon gari kusa da tsohuwar Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Cutar kuwa ta ja baya ƙwarai. A 1947 aka kafa cibiyar binciken cutar ta Afirka ta Yamma, mai mazauni a Kaduna da Vom, wadda ta koma hannun Nijeriya a 1964.

Nan ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya tare da ni. Bayan kimanin shekara 20 da fara aikin, wani Ba'amurke masanin halayyar al'umma, Horace Miner, ya zauna a ƙasar Anchau, ya buga sakamakon bincikensa a 1960. Ya tarar mutane suna nan suna sassabe rafuka kowace shekara, amma akasarinsu suna yi ne don umurnin hukuma, wanda ke gangarowa daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci. Ba su gamsu cewa tsando ne ke kawo ciwon barci ba.

Wani zai karanta wannan ya ce duhun kai ne. Ni ban yarda ba. Hankalin ɗan Adam yana haɗa sanadi da sakamako ne in sun zo kusa da juna. Kunama ta harbe ka, nan take ka ji zafi, ba ka bukatar malami ya gaya maka. Amma tsando ya ciji mutum bana, ciwo ya bayyana baɗi ko baɗin baɗaɗa. Bugu da ƙari, cikin ƙudajen kaɗan ne ƙwarai ke ɗauke da ƙwayar, watau kowa a ƙauye ya sha cizo, amma ba kowa ya kwanta ba. Manomin da ya ce shi tun yana yaro tsando ke cizonsa ga shi garau, gaskiya ya faɗa bisa abin da idonsa ya gani. Su kansu likitocin Turai sai da madubi ya zo hannunsu suka gane. A ganina, an kai wa mutanen Anchau gatari da adda da tarar kotu, amma bayanin da zai zauna a zuciya, cikin harshensu da misalan da suka saba da su, shi ne bai isa gare su ba.

Maganin kansa ma abin tsoro ne a da. Melasofurol, wanda ya fito a 1949, daga gubar arsanik aka haɗa shi, allurarsa kamar wuta take a jijiya, kuma yakan kashe kimanin mutum 5 cikin 100 da aka yi wa. Duk da haka, da shi da bin gari gari aka danne cutar, har a tsakiyar shekarun 1960 waɗanda ake samu a Afirka duka ba su kai dubu 5 a shekara ba. Sai aka saki jiki. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Yaƙe-yaƙe da rashin kuɗi suka tsayar da masu dubawa, cutar ta dawo a Kwango da Angola da kudancin Sudan, har a 1998 aka ba da rahoton kusan mutum dubu 40, ana kuma ƙiyasta wasu dubu 300 suna can ba a gano su ba. Akwai wani magani mai sauƙin illa, efulonitin, wanda aka daina yinsa a 1995 don talakawan da ke bukatarsa ba su da abin saye. An dawo da shi a 2001, bayan da aka gan shi a kasuwar Amurka cikin man shafawa na rage gashin fuskar mata!

Yanzu ga abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka ce, kuma a matsayina na ɗalibin harshe shi ya fi ba ni sha'awa, domin ya taɓa sunan cutar. Cikin shekarun 1990 wani likita Bafaranshe, Alain Buguet, da abokan aikinsa suka riƙa auna motsin ƙwaƙwalwar masu cutar dare da rana. Suka tarar jimlar barcinsu cikin awa 24 ba ta wuce ta mai lafiya da wani abin kirki ba. Barcin ne ya daddatse, yana zuwa guntu guntu ba ruwansa da dare ko rana. Mu da muke ganin mutum yana gyangyaɗi da hantsi muka ce ciwon barci, ba mu ga idonsa biyu da tsakar dare ba. A 2018 Filipa Rijo-Ferreira da Luisa Figueiredo na ƙasar Fotugal, tare da Joseph Takahashi na Amurka, suka gwada abin a kan ɓeraye. Kowace halitta tana da wani agogo a jikinta mai tsara mata lokacin barci da farkawa. Suka ga ƙwayar cutar tana sa agogon ɓeran ya riƙa gudu, zagayensa ya gajarta, abin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta yi ba da aka gwada ta. Ashe da za a sake raɗa wa cutar suna, da ciwon rikicewar agogon jiki ya fi dacewa da ita.

Akwai kuma wani binciken mai tayar da hankali. A 2016 masana a Gilasgo da Faris suka nuna cewa ƙwayar tana ɓuya cikin fata, wasu kuma a Lisbon suka same ta cikin kitse. Ma'ana, ana iya duba jinin mutum a ce lafiya lau yake, alhali tsando zai iya ɗaukar cutar daga fatarsa ya kai wa wani. Duk waɗancan ma'aikata da suka duba miliyoyin kakanninmu, jini da kaluluwa suka duba.

Ta fuskar magani dai an yi nisa. A 2018 aka amince da feksinidazol, ƙwayoyi ne da ake sha kwana 10 tare da abinci, ba allura. A 2022 aka buga sakamakon gwajin akoziborol da aka yi a Kwango da Gini, wanda sau ɗaya tak ake shansa, ya kuma warkar da kimanin 95 cikin 100 na waɗanda cutar ta riga ta shiga ƙwaƙwalwarsu. Masu kamuwa sun ragu ƙasa da dubu 10 a 2009, sa'an nan ƙasa da dubu ɗaya a 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaidi Togo a 2020, Gana a 2023, da Chadi a 2024 cewa cutar ta daina zama barazana ga jama'arsu, burinta kuma shi ne a katse yaɗuwar irin ta Afirka ta Yamma baki ɗaya nan da 2030. Har zuwa 2025 sunan Nijeriya bai shiga wannan jeri ba, domin Hukumar ba ta ba da shaida sai ƙasa ta nuna cewa ta nemi cutar da gaske, kuma masu kamuwa da ita sun ragu ƙwarai.

Neman kuwa yanzu ya fi na zamanin Nash wuya ta wata fuska. A wancan lokaci ana kaɗa kuge a tara gari dole. Yau sai mutum ya kawo kansa, ko danginsa su kawo shi, ga shi kuwa an sami zuriya guda, har da matasan ma'aikatan asibiti, waɗanda ba su taɓa ganin mai ciwon barci ba. Makiyayin da ya dawo daga kiwo a kurmi da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, halinsa ya sauya, ba ya barcin dare, wurin mai ruƙiyya ko asibitin masu taɓin hankali za a fara kai shi, sai fa in wani cikin gidan ya taɓa jin wannan bayani da Hausa.