Daga Kakalaba Zuwa Tamowa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, Turawa kuma suka matsa a biya haraji da tsabar kuɗi. Da damina ta gaza a 1913, manoma da dama a Lardin Kano, wanda ya ƙunshi Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, ba su da tsohon hatsi a rumbu, sai yunwar Kakalaba ta auka musu a 1914.

A ganina, tamowar da ke kwantar da yaranmu a tsakiyar damina tana farawa tun kaka, ranar da magidanci ya kai gero da wake kasuwa don biyan bashi. Idan aka sama masa rance mai sauƙi, hatsin zai zauna a gida, mai shayarwa ta ƙoshi, goyonta ya samu nono.