Ƙa'idar Gam na Feshi a Tsarin LEED: Tarihi

Bayan rikicin man fetur na 1973, magina a Amurka da Turai suka koma toshe duk wata kafar iska a gine-gine domin rage kuɗin makamashi. Ba a jima ba ma'aikatan ofisoshi suka fara kukan ciwon kai, zafin ido da kasala. Cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi har da sinadarai masu saurin bin iska, waɗanda ake kira VOC a taƙaice, da ke tashi daga fenti, gam da sabon kafet.

Ƙungiyar USGBC, wadda aka kafa a 1993, ta fito da tsarin LEED a 1998 don ba da shaida ga gine-ginen da ke kiyaye muhalli, ta kuma ware maki ga kayan gini marasa yawan turiri. Gam na bokiti an auna shi da dokar hukumar kula da iska ta kudancin Kaliforniya mai lamba 1168, wadda ke lissafin VOC da giram a kowace lita.

Gwangwanin feshi kuwa bai shiga wannan ma'auni ba. Tun 1978 Amurka ta hana sa iskar CFC a yawancin gwangwanayen feshi saboda illarta ga sararin ozon, sai kamfanoni suka koma ga furofen da butan, su kuma VOC ne. Wato abin da ke tunkuɗo gam ɗin shi kansa mai gurɓata iska ne. Don haka LEED ta aro ƙa'idar GS-36 ta ƙungiyar Green Seal, ta Oktoban 2000, mai lissafin VOC da nauyi: kada ya wuce kashi 65 cikin ɗari ga feshi mai fita kamar hazo, 55 ga mai fita zare-zare, 70 ga na ayyuka na musamman. Iyaka ce mai sassauci ƙwarai, kuma mai shimfiɗa kafet da ke durƙushe a rufaffen ɗaki shi ke fara shaƙar abin.

Sigar LEED ta huɗu (v4) ta 2013 ta sauya tambayar: ban da abin da ke cikin kaya, me suke saki bayan an gama aiki? Ta ɗauki hanyar gwajin ma'aikatar lafiya ta Kaliforniya, inda ake ajiye samfuri, a auna turirinsa a rufaffen akwati a kwana na 14, a duba sinadarai irin su fomaldehaid ɗaya bayan ɗaya.