Ganyen Sin da allurar gwiwa: yadda aka haɗa su

Jama'a, duk mai fama da ciwon ƙoƙon gwiwa ya san wahalarsa: hawan bene aiki ne, durƙuso wajen salla aiki ne, in an daɗe zaune sai gwiwa ta riƙe. Sau da yawa guringuntsin da ke bayan ƙoƙon ne ya yi laushi ko ya fara cinyewa. A asibitocin ƙasar Sin abu ne sananne a yi wa irin wannan majinyaci allura cikin gaɓa, a haɗa masa da jiƙon ganye, tausa da soka siraran allurai. To daga ina wannan haɗin ya samo asali?

A 1929, zamanin gwamnatin 'yan Kuomintang, wani likita mai suna Yu Yunxiu ya kawo shawarar a soke maganin gargajiya gaba ɗaya. Masu maganin suka taru a Shanghai ranar 17 ga Maris, suka yi ta ƙorafi har aka jingine maganar. Bayan 1949 sai iska ta juya. Likitocin zamani ba su isa ba, ƙauyuka kuwa ba iyaka, don haka gwamnatin Mao ta rungumi na gargajiya. An buɗe cibiyar bincikensa a Bejin a 1955, a 1956 aka kafa manyan makarantu huɗu a Bejin, Shanghai, Guangzhou da Chengdu, har aka riƙa tura likitocin zamani su koma ɗalibai gaban masu ganye. Siyasa da larura ne suka ɗaura wannan aure, kimiyya daga baya ta biyo.

Ita kuwa allurar gaɓa ba 'yar Sin ba ce. A 1951 Joseph Hollander na Filadalfiya, a Amurka, ya bayyana yin allurar hydrocortisone cikin gaɓa. Ruwan nan mai yauƙi da ake kira acide hyaluronique, Karl Meyer da John Palmer ne suka gano shi a 1934 cikin idon saniya. Daga baya aka riƙa tatso shi daga zankon zakara, kuma dawakin sukuwa sun riga mutane samunsa. Japan ta amince a yi wa mutane a 1987, Amurka sai 1997.

Mu ma nan Nijar labarin ya taɓa mu. Tun 1976 tawagogin likitocin Sin daga yankin Guangxi suke zuwa, kuma da yawa cikinmu wurinsu muka fara ganin ana jera wa mutum allurai a jiki ba tare da an zuba masa ko ɗigon magani ba. Ƙahon da suke kafawa kam bai ba kowa mamaki ba, wanzamanmu sun daɗe da shi.

Amma fa a yi hattara. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa ba ya saurin gyaruwa. Tun 1743 likitan Birtaniya William Hunter ya lura da haka. Allura da ganye suna iya rage zafi na wani lokaci, ba sa tsiro da sabon guringuntsi. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ƙi ba da shawarar yin allurar hyaluronique don zaizayar gwiwa. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2017 ya nuna waɗanda aka yi wa allurar kortizon duk wata uku har shekara biyu sun fi asarar guringuntsi bisa waɗanda aka yi wa ruwan gishiri. A ganina duk mai ce maka zai mayar maka da gwiwa sabuwa da allura uku da ƙullin ganye, kuɗinka yake so.

Abin da likitocin ƙashi suka fi dogara da shi ga ciwon ƙoƙon gwiwa shi ne ƙarfafa naman cinya da na ƙugu, da rage ƙiba in akwai. In har sai an yi allurar, a yi ta a asibiti, hannun wanda ya san aikin, don ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.