Gamo da Wa?

A Haɗeja, in yaro ya dawo daga bakin kogi da magariba jikinsa na ɓari yana sambatu, tsohuwa ba ta cewa ya ga aljani. Cewa take yi, ya yi gamo. Gamo da wa? Ba a faɗi. Kalmar ta ambaci haɗuwar, ta bar wanda aka haɗu da shi a duhu, kuma da gangan.

In ka matsa mata, sai ta ce mutanen ɓoye. Abin sha'awa, aljan daga Larabci ya zo, al-jinn, kuma saiwar kalmar tana nufin rufewa ko ɓoyewa. Ashe tsohuwa ta yi fassara daidai ba tare da ta buɗe ƙamus ba. Daga wannan saiwa aka sami janna, lambun da ganye ya lulluɓe. Shi ya sa a Hausa harafin n guda ne ya raba aljanna da aljana. Mai rubuta ta'aziyya ya yi hattara.

Amma iska ta girmi aljan a bakinmu. Iskoki na bori ne, kowa da sunansa da halinsa: Inna, Kuturu, Ɗan Galadima, Sarkin Rafi. A ƙasar da ruwa ke malale fadama kowace damina daga Haɗeja har Nguru, wannan na ƙarshe ba ya buƙatar gabatarwa. A lura da aikatau kuma. Iska hawa take yi, mutum ya zama dokinta. Aljani shiga yake yi, ko ya shafa. Fatalwa kuwa, da yake ta mamaci ce, fitowa kawai take yi ta tsorata mutane.

Da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932, sun tarar da wani abu. Kalmar Girkanci pneuma tana nufin iska mai kaɗawa, tana kuma nufin halittar da ido ba ya gani. Hausa na da kalma ɗaya tak mai ɗaukar kayan nan biyu: iska. Ba su taɓa ta ba, suka ɗauki ruhu. Ni dai ban ga laifinsu ba: iska ta riga ta sha garaya, ga kuma ɗan iska yana jira a gefe ya ɓata zance. Sai dai an gudu ba a tsira ba, don ruhu da rih, wato iskar Larabawa, saiwarsu ɗaya.

Yau Kirista Bahaushe da ya tashi ba da shaida a majami'a zai yi maganar yaƙin ruhaniya da mugayen ruhohi, amma in ya zo kan ainihin abin da ya danne shi da dare, aljan zai ce, kamar maƙwabcinsa da ke zuwa ruƙiyya.

Juyin da ya fi ba ni daɗi yana cikin Markus sura 5, inda aljanu suka faɗi sunansu. Asalin kalmar ta Latin ce, legio, rundunar Romawa mai soja wajen dubu biyar. Hausa ta ce Tuli. Babu sulke, babu mashi. An jibge su ke nan a ƙasa, kamar banda a kasuwar kifi ta Haɗeja.