Tarihin Faifan Gwajin Jini Mai Juyawa

Makalarmu ta wannan mako ta waiwayi wata na'urar ɗakin gwaji da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, duk da cewa likitoci da dama sun dogara da sakamakonta.

Kafin a san yawan suga a jini ko lafiyar hanta, sai an gauraya ruwan jinin da wani sinadari, launinsa ya sauya, sannan a auna shi da haske. A da, da hannu ake yin wannan, kwalba bayan kwalba. A 1957 kamfanin Technicon na Amurka ya fito da AutoAnalyzer, ƙirƙirar Leonard Skeggs, inda samfura ke bin siririn bututu, kumfar iska tana raba tsakaninsu. Ta rage wahala, amma layi ne: na baya sai ya jira na gaba.

Wanda ya rushe layin shi ne Norman Anderson, masani a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee, wadda aka kafa lokacin yaƙin duniya na biyu don aikin makamin nukiliya. Dama ya ƙware a injunan juyi masu tace ƙwayoyin cuta don haɗa rigakafi. A 1969 ya bayyana na'urar da aka sa wa suna GeMSAEC. Faifai ne mai ramuka, samfur a rami ɗaya, sinadari a na kusa da shi. Da faifan ya fara juyawa, ƙarfin juyi sai ya wurga su duka zuwa ƙananan kwalabe da ke bakinsa a lokaci guda. Kwalaben suna gittawa ta gaban fitila, kwamfuta tana karanta kowace a duk zagaye. Wannan ya dace da gwaje-gwajen da saurin sauyin launi ake aunawa, domin duk samfuran tare suke tashi.

Sai dai akwai cikas. Juyi rarrabewa yake yi, mai nauyi ya koma gefe, marar nauyi ya tsaya ciki. Idan jini da sinadari suka kwanta ba su cakuɗu ba, sakamakon ƙarya zai fito, likita ya ba da magani a kansa. Dabarar da aka yi ita ce taka wa faifan birki kwatsam, ruwan ya karkaɗu kamar na ƙwarya idan mai ɗauke da ita ta yi tuntuɓe, ko kuma a zuƙo kumfar iska ta ratsa cikinsa.

Kamfanoni sun ɗauki fasahar: Union Carbide ya yi CentrifiChem, Roche ya yi Cobas Bio. Hukumar NASA ta tallafa wajen ƙanƙanta ta saboda 'yan sama jannati. Daga wannan zuriyar Piccolo ta kamfanin Abaxis ta fito a 1995: faifan roba mai faɗin santimita 8, sinadaran a busashe cikinsa, ɗigon jini kaɗan, sakamako cikin minti 12 ko kusa da haka. Ita ma da ƙara gudu da rage shi take cakuɗawa.

Lokacin annobar Ebola ta 2014 an yi aiki da ita a cibiyoyin jinya na Yammacin Afirka, ana duba gishirin jinin marasa lafiyar da amai da gudawa suka galabaitar, don a san ruwan da za a ƙara musu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.