Kwalejin Katsina: makarantar da harajin talaka ya ciyar

Daga Tsarnawa, mahaɗar da hanyar Tawa ta rabu da babban titin Maraɗi, mota ba ta daɗewa ta kai Birnin Ƙonni, ta tsallaka Illelar Najeriya, ta miƙe Sakkwato. A 1926 wani yaro daga Rabah, Ahmadu, jikan gidan Shehu, ya bar Sakkwato zuwa Katsina neman ilimi. Tafiyar kwana bakwai ce a ƙasa. Shi ne daga baya ya zama Sardauna.

Makarantar da ya nufa an kafa ta a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Ginin ƙasa ne irin na Hausa, mai kaurin bango da azara, yana nan tsaye har yau an mai da shi gidan tarihi. Turawa ba su ɓoye manufarsu ba: malamai suke so a horar, su koma lardunansu su koyar. Saboda haka aka riƙa tsamo yara 'yan kaɗan daga Sakkwato, Kano, Barno, Bauci, Neja da sauran larduna, su yi shekara biyar a wuri guda.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya ɗauki nauyin. Hukumomin En'e ne ke tura ɗalibai, daga baitulmali ake biyan ci da sutura da guzurin hanya. Baitulmali kuwa harajin manomi ne da jangalin makiyayi. Ba don wannan tsari ba, da wuya Abubakar, ɗan wani ma'aikacin hakimi a ƙasar Bauci, ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan sarauta. Ya shiga a 1928, ya fita a 1933 da shaidar malanta, duniya ta san shi da Tafawa Balewa.

Zaman kwana shi ne sirrin wurin. Yaro ya tashi da asuba ya yi salla, ya shiga aji a matsa masa kan lafazin Turanci har harshensa ya faɗa, ya koyi lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ya zauna gaban malaman Larabci irin su Malam Bello Kagara. Da la'asar a fita wasa, musamman wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna bai bari ba har ya girma. Babarbare ya kwana kusa da Banufe, Bafillace ya ci kwano ɗaya da Bakano, babu uwa kusa balle a kai ƙara.

Amfanin bai jima ba ya fito. Da Baturen nan Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, mafi yawan biyar ɗin da suka yi fice daga wannan gida suka fito, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Balewa, da Ganɗoki na malaminsu Bello Kagara. A ganina wannan ya fi jerin ministocin da makarantar ta yaye nuna irin karatun da aka yi a can.

Ƙofar dai ƙarama ce. Maza kaɗai ake ɗauka, Musulmi, kuma sai wanda idon hukuma ya gani. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta faɗaɗa har Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin coci daga Wusasa, ya samu gurbi. A 1971 ta karɓi sunan Barewa.

A ɓangaren Nijar na iyaka kuwa, ɗan Adar ko Ƙonni mai irin wannan ƙwaƙwalwa sai ya dubi yamma mai nisa. Makarantar William Ponty ta Senegal ce ta horar da Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary, su ma da kuɗin hukuma.

Matsalar kuɗin kwana da ci ba ta tsufa ba. Yarinyar ƙauye a Malbaza ko Illelar Nijar takan ci jarabawar shiga kolej, sai a rasa gidan da za ta sauka a gari da wanda zai ciyar da ita. Uba ya yi lissafin buhun hatsi, ya dubi nisa, ya ce ta dawo gida, daga nan sai zancen aure. Dalilin da ya sa ke nan gwamnatin Mohamed Bazoum ta ɗauki gina makarantun kwana na 'yan mata da muhimmanci, ta fara da Kelle a jihar Damagaram. Fiye da shekara ɗari bayan buɗe Kwalejin Katsina, kuɗin gado da tukunya ne har yanzu ke zaɓen yarinyar da za ta ci gaba da karatu a wannan yanki na Nijar.